Inda Hannu na Biyu Zai Zauna

A farkon shekarar 2014 wata kotun ma'aikata a Landan ta yanke hukuncin da ya ba mutane da yawa dariya. Wasu mata biyu, 'yan sandan rundunar da ke gadin tashoshin nukiliya na Birtaniya, suka kai hukumarsu ƙara a kan bindigar da aka ba su ta fi ƙarfin hannunsu. Glock 17 ce, ƙaramar bindiga irin wadda ake ratayawa a ƙugu. Mariƙinta ya yi musu kauri, yatsa ba ya isa kunama yadda ya kamata, sai makinsu a jarrabawar harbi ya riƙa yin ƙasa, alhali kuwa aikin nasu a kan wannan jarrabawa ya rataya. Sun nemi a sauya musu, ba a yi ba. Kotu ta ba su gaskiya, ta ce tsarin ya nuna musu bambanci ko da ba a yi shi da niyya ba.

Masu ba'a suka ce wanda hannunsa bai kai ba me ya kai shi aikin bindiga. Ni kuwa ina ganin kotun ta fi masu dariyar fahimtar abin da ke faruwa a cikin tafin hannu.

Mu a Najeriya wannan ba kayan kowa ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin waɗanda ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, don haka yawancinmu a ƙugun jami'i muke hango su, ko a fim. Amma a cikin kayan aikin da ɗan Adam ya ƙera, da wuya a sami wanda ke tona asirin rashin dacewar mariƙi da hannu nan take kamar ƙaramar bindiga. Shi ya sa ta cancanci a tsaya a dube ta, ko ga wanda ba zai taɓa riƙe ta ba.

Doguwar bindiga tana da gata. Gindinta na jingine da kafaɗa, kumatu na kwance a kanta, hannu ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ƙaramar bindiga ba ta da kowa sai hannu. Ga kuma wani lissafi da ba a cika lura da shi ba: Glock 17 cike da harsashi ba ta kai kilo ɗaya ba, amma kafin kunamarta ta saki sai yatsa ya matsa da nauyin kusan kilo biyu da rabi. A wasu bindigogin, irin Beretta 92, jan farko yakan kai kilo biyar. Wato ana so mutum ya danna abu da ƙarfin da ya ninka nauyin abin sau biyu ko fiye, ba tare da abin ya motsa ba. Kuma motsin da ake magana ba wani babba ba ne. Tsakanin alamar saiti ta gaba da ta baya a Glock 17 akwai santimita 16 da rabi. Idan ta gaba ta goce da milimita ɗaya tak a daidai lokacin da harsashi ya tashi, a nisan mita 25 harsashin zai kauce da kusan santimita 15. Milimita uku, ya bar allon gwaji mai faɗin ƙirjin mutum in da tsakiyarsa aka auna.

Bayan harbi sai shuri. Harsashi ya yi gaba, bindiga ta yi baya, kuma da yake bututun yana sama da hannu, bayan ba a miƙe take yin sa ba, bakinta ne ke ɗagawa sama kamar za ta wuntsila. Aikin mai harbi shi ne ya bar ta ta ɗaga ta dawo daidai inda ta tashi. Idan wuyan hannu ya yi sako-sako, ƙarfen sama mai kai-komo, wanda ke fitar da kwanso ya shigar da sabon harsashi, ba ya samun abin tokara, sai bindigar ta cije.

Abin mamaki shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a yarda cewa wannan aiki na hannu biyu ne. Asalin fistol makamin mahayin doki ne, hannu ɗaya na riƙe da linzami, ɗaya na harbi. Doki ya tafi, ɗabi'ar ta zauna. Har bayan Yaƙin Duniya na Biyu yawancin sojoji da 'yan sanda ana koya musu su juya gefe, su miƙe hannu ɗaya, ɗayan a ƙugu ko a aljihu. A ƙarshen shekarun 1950 wani tsohon hafsan sojan Amurka, Jeff Cooper, yana shirya gasar zaro bindiga da sauri a Big Bear, jihar Kalifoniya. Kowa daga ƙugu yake harbi da hannu ɗaya irin na finafinan kaboyi, ana ta ɓarin harsashi ana kuskure abin da ke nan kusa. Wani ɗan sandan gundumar Los Angeles mai suna Jack Weaver ya ce shi kam zai ɗan ɓata ƙiftawar ido, ya ɗago bindigar zuwa saitin idonsa da hannu biyu. Ya ci gasar 1959. Cooper ya ɗauki salon, ya raɗa masa sunan Weaver, ya kuma mai da shi ginshiƙin makarantar harbi da ya buɗe a Arizona a 1976. A salon Weaver hannun dama na turawa gaba, na hagu na jawowa baya. Cikin shekarun 1980 wasu 'yan gasa biyu, Rob Leatham da Brian Enos, suka yaɗa wani riƙon dabam, inda manyan yatsu biyu ke kwantawa a gefen bindiga suna duban gaba, tafin hagu kuma ya hau sama sosai. Shi ne riƙon da aka fi koyarwa yau.

Wani zai ce ai a gasar Olamfik da hannu ɗaya ake harbi, kuma duniya ta ga Yusuf Dikeç na Turkiyya a Faris a 2024, hannu a aljihu, ya ɗauki lambar azurfa. Haka ne. Sai dai a dubi abin da ke hannunsa. Bindigar iska ce, shurinta bai taka kara ya karya ba. Dokar gasar ta yarda a sassauta kunama har zuwa giram 500. Mariƙin kuwa irin wanda ake sassaƙawa ne ya bi tudu da kwarin tafin hannu, har da matokarin da gefen hannu ke zama a kai. 'Yan Olamfik ba su ƙaryata maganar dacewa ba, su ne ma suka kai ta maƙura.

To me hannu na biyu yake yi? Amsar tana cikin wani aibi na halittar hannu, wanda mai karatu zai iya gwadawa yanzu. Miƙe manuniyarka, ka dunƙule sauran yatsu uku, sannan ka matse su da iyakar ƙarfinka kana kallon manuniyar. Za ta motsa, ko ta ƙage. Dalili shi ne tsokar da ke lanƙwasa yatsu ba a tafin hannu take ba, a sangalin hannu take, jijiyoyi ne ke bi ta wuyan hannu su kai ga kowane yatsa, kuma ba su rabu da juna sarai ba. In ka umarci ɗaya, maƙwabtansa na jin kira. Shi kuwa hannun da ke harbi an ɗora masa aiki biyu masu karo da juna: yatsu uku su riƙe gam, ɗaya ya ja a hankali, a miƙe, ba gaggawa. Ya matse da yawa, manuniya ta sandare. Manuniya ta motsa, sauran su matse tare da ita, bakin bindiga ya sunkuya. Wannan ne ya sa malaman harbi da sun ga ramukan harsashin ɗalibi na-dama sun taru ƙasa ta hagu, sun san inda za su fara dubawa. Bahago kuma nasa ƙasa ta dama suke taruwa.

Hannu na biyu ya zo ne ya sauke wa na farko rabin kayansa. Shi ba shi da kunamar ja, saboda haka yana iya matsewa iya son ransa, na dama ya ɗan sarara, manuniya ta sami 'yanci. Amma da sharaɗi, kuma a wannan sharaɗin ne girman mariƙi ke shigowa.

Idan hannun dama ya kama mariƙi, yatsunsa uku sukan zagayo ta gaba su tsaya a ɓangaren hagu. Tsakanin ƙarshen waɗannan yatsu da gindin babban yatsa akan sami wani fili inda jikin mariƙi yake a buɗe. Wannan fili shi ne gidan hannun hagu. Nan tudun tafinsa zai shiga ya manne da jikin bindigar kanta, sannan yatsunsa su lulluɓe na dama. Idan abin ya yi daidai, an kewaye mariƙi ta ko'ina, babu ƙofar da shuri zai bi ya fita. Duk inda aka bar rata, can bindiga za ta nufa.

Mai babban hannu da aka ba shi siririn mariƙi, yatsunsa na dama sukan zagayo har su taɓa tafinsa. Fili ya rufe. Hannun hagu ya zo bai sami wuri ba, sai ya kwanta a kan yatsun dama. Daga nesa kamar riƙon hannu biyu ne, har mai shi yana jin yana matsewa sosai. Amma ba bindiga yake matsewa ba, yatsunsa yake matsewa. Da an harba, bindiga da hannun dama su yi sama tare, na hagu ya zame a bar shi a baya, sai an sake gyara riƙo bayan kowane harbi. Ga manuniya ita ma ta yi tsawo, ta zarce kunama har gaɓa ta biyu, tana janyo ta ta gefe. Wannan matsala ta ƙaru da yayin ƙananan bindigogi na ɓoyewa a jiki a Amurka, irin SIG P365 da ta fito a 2018, wadda kaurinta kusan santimita biyu da rabi ne. Akwai kuma gajeren mariƙi, irin na Glock 26, inda ƙaramin yatsa ke reto a iska ba shi da wurin zama. Ana raina ɗan autan yatsu, amma shi ne ya fi nisa da bututu, don haka shi ne ya fi ƙarfin hana bakin bindiga ɗagawa.

Matsalar mai ƙaramin hannu da kakkauran mariƙi ta fi wannan muni, kuma ta fi ɓoyuwa. A ƙa'ida bayan mariƙi yana zama ne a tsakiyar lungun da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, ta yadda bututu zai miƙe sambal da sangalin hannu, shuri ya bi ƙashi ya wuce kafaɗa. Mai gajeren yatsa in ya riƙe haka, manuniyarsa ba za ta kai fuskar kunama ba, ko kuma ta taɓa gefenta kawai. To dole ya harba, don an ce ya harba. Sai ya murɗa hannunsa zuwa dama, ya ɗan zagayo, har yatsa ya isa. Ya sami kunama, ya rasa komai. Yanzu bayan bindiga ba a lungun hannu yake ba, a kan gaɓar babban yatsa yake, kowane shuri a nan zai sauka, da ciwo. Bututu ya daina miƙewa da sangali, saboda haka bindiga ba sama kawai za ta yi ba, har da gefe. Yatsu ukun da ke riƙo da ƙyar suka kama gaban mariƙi. Filin hagu ya yi faɗi fiye da abin da ƙaramin tafi zai cike, hannuwan biyu ba su haɗu a baya ba. Mutum ya harba goma, hannu ya yi tsami, jiki ya koyi tsoron abin da ke zuwa, ya fara runtse ido yana dukar da bakin bindiga kafin ta tashi. Malami na tsaye a baya, abin da yake gani shi ne ɗalibi mai firgita. Zai rubuta cewa ba shi da zuciya, ko ba ya mai da hankali. Firgitar gaskiya ce, amma jika ce. Kakarta 'yan milimitoci ne tsakanin bayan mariƙi da kunama.

Me ya sa ake yin mariƙi da kauri tun farko? Ba mugunta ba ce. A irin wannan bindiga gidan harsashi a cikin mariƙi yake, don haka harsashi ne ke yanke girman abin da hannu zai kama. Colt 1911, wadda John Browning ya zana, sojan Amurka suka riƙe fiye da shekara saba'in, harsashi bakwai take ci a layi ɗaya, mariƙinta siriri. Browning Hi-Power ta kamfanin FN na Beljiyam, da ta fito a 1935, ta jera harsasai layi biyu a karkace ta ci goma sha uku, daga nan kowa ya bi. Da sojan Amurka suka koma Beretta M9 a 1985 sun sami harsashi goma sha biyar, suka kuma sami mariƙi mai kauri da kunama mai nisa a jan farko, waɗanda masu ƙananan hannu suka yi shekara talatin suna kuka da su. Kaurin harsashi ke faɗaɗa mariƙi, tsawonsa kuma ke nisanta kunama. Hukumar FBI ta Amurka ta ɗanɗana wannan. Bayan artabun Miami na Afrilun 1986, inda aka kashe mata jami'ai biyu aka raunata biyar, ta yanke cewa harsashinta ya yi rauni, ta koma mai milimita 10 a cikin bindigar Smith & Wesson 1076. Harsashin dogo ne, bindigar ta fito ƙatuwa mai nauyi, ga matsalolin aiki. Ba ta yi ƙarko ba. Harsashin .40, da ya fito a 1990 ya kuma gaji na milimita 10 daga baya, babban abin tallarsa shi ne an gajarta shi ya shiga bindiga mai girman ta milimita 9. Daga baya ma hukumar ta koma milimita 9 ɗin da ta guda, bisa hujjar cewa harsasan zamani sun inganta kuma jami'anta sun fi samun abin da suka auna da shi.

Manomi ya san wannan magana ba tare da an karanta masa ba. In zai sa wa fartanya ƙota, ba ya aiken yaro, da kansa yake zuwa wurin masassaƙi, ya ɗauki wannan ya jinjina, ya ajiye, ya ɗauki waccan ya kai wa ƙasa saran wasa. Ta yi kauri, kafin hantsi hannu ya gaji. Ta yi siriri, tana juyawa a tafi tana tayar da bororo. In ya ga dama ya ce a ƙara fere nan. Amma shi wannan manomin, da ya ɓata rabin yini yana zaɓar tasa, shi ne zai miƙa wa ɗansa ɗan shekara goma sha biyu tsohuwar fartanyarsa, in yaro ya kasa fitar da kunya ya ce rago ne. Ba ƙarya yake yi ba a ganinsa. Fartanyar lafiyarta lau, shi shaida ne, shekara nawa yana noma da ita.

A nan abin lurar yake. Wanda kayan aiki ya yi wa daidai ba ya jin kayan aikin. Mariƙin da ya zauna a hannunka ɓacewa yake yi, sai ka ɗauka duk abin da ya yi kyau gwanintarka ce. Kuma galibi irin wannan mutum ne ke zama malami, shi ke zama a kwamitin sayen kaya, shi ke gwada samfur ya ce ya yi. Ba don an haɗa baki ba, sai don tun farko wanda kaya suka dace da shi ne ya ci jarrabawa, ya hau gaba. Waɗanda abin bai yi wa daidai ba sun faɗi tun a ƙofa, ba su nan balle a ji ta bakinsu. Haka ma'aikata za ta yi shekaru tana tace mutane da girman tafin hannu, tana zaton jarumtaka take aunawa.

Akwai kuma rashin daidaito a cikin matsalar kanta, wanda ya kamata mai sayen kaya ya sani. Ƙari yana da sauƙi, ragi ne ke da wuya. Mai babban hannu zai iya sa wa siririn mariƙi rigar roba, ko ya naɗa masa tef, ko ya ɗaura masa allunan gefe masu kauri, da kuɗi kaɗan ya sami filin da hannun hagunsa ke nema. Mai ƙaramin hannu ba shi da abin ferewa, domin a ƙarƙashin 'yar fatar roba ko ƙarfe gidan harsashi ne. Saboda haka in dole sai an saya wa kowa girma ɗaya, kuskure ta wajen ƙanƙanta ya fi sauƙin gyara. Amma mai zaɓen da hannunsa yake gwadawa.

Ba yau aka fara gane haka ba, mantawa ake yi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sojan Amurka sun saurari koken waɗanda suka riƙe Colt 1911 a fagen fama, a 1924 aka gajarta kunamarta, aka rarake jikin ƙarfen da ke bayanta don yatsa ya isa, aka yi wa bayan mariƙi ɗan doro. A 1950 wani matashin jami'i a rundunar sojan saman Amurka, Gilbert Daniels, ya ɗauki awon jikin matuƙa jirgi 4,063, ya zaɓi awo goma, ya nemi mutum nawa ne suka faɗa matsakaici a dukan goman. Bai sami ko ɗaya ba. Wannan bincike na cikin abin da ya sa aka koma yin kujerar matuƙi mai matsawa gaba da baya. Hannu ma haka yake: wani tafinsa faɗi yatsunsa gajeru, wani tafi ɗan ƙarami yatsu zara-zara. Ba maganar mace da namiji ba ce kawai, ko da yake a kan mata abin ya fi faɗawa. Akwai ƙarti masu gajerun yatsu da suka yi shiru da bakinsu tsawon aikinsu don kada a yi musu dariya.

Masu ƙera bindiga sun ɗauki kusan rabin ƙarni kafin su yi abin da masu jirgi suka yi. Da aka koma yin gangar jikin bindiga da roba mai tauri, sai abin ya yi sauƙi. Walther P99 ta Jamus, a 1997, tana cikin na farko da suka zo da bayan mariƙi da ake cirewa a sa wani. Heckler & Koch suka ƙara da allunan gefe masu girma dabam-dabam, yadda mutum zai iya kumbura ɓangaren hagu kaɗai don tafin da ke taimako, ya bar na dama siriri don manuniya ta isa. A ganina wannan ita ce dabara mafi hankali a cikin duka, don ta gane cewa hannuwan biyu ba abu ɗaya suke nema ba. Glock ta bi sahu a 2010. A Janairun 2017 sojan Amurka suka zaɓi SIG P320 ta maye gurbin Beretta, suka kira ta M17 da M18, kuma a cikinta ana iya zare kayan cikin gaba ɗaya a mai da su wata gangar mai ƙarami, matsakaici ko babban mariƙi.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya kuskure allo mariƙi ne ya cuce shi. Wannan ma wata ƙaryar ce, kuma 'yan kasuwa na son ta. A Amurka akwai masu sauya bindiga kamar riga, kowace in sun kasa da ita su ce ba ta zauna musu ba, alhali atisaye ne ba sa yi. Akwai kuma gwanaye masu ƙananan hannu da suka ci gasa da manyan bindigogi, don sun yi dubban harbi har suka gano yadda za su zauna da aibin. Sai dai gwani ɗaya da ya tsallake katanga ba hujja ba ce cewa babu katanga. Ɗan gasa yana da lokaci da harsashi. Ɗan sandan da ake kai shi filin harbi sau ɗaya ko biyu a shekara ba shi da su, kuma ranar da zai zaro bindigar da gaske, hannunsa na rawa, da jama'a a bayan wanda yake aunawa, santimita 15 ɗin nan ba a kan takarda za ta sauka ba.

Daɗin riƙo ma yana ruɗi. Mutum ya shiga kanti ya ɗauki bindiga da hannu ɗaya, ya ji ta kwanta masa luf, ya ce wannan ce. Abin da ya ji daɗinsa sau da yawa shi ne yatsunsa sun zagaye ta sun haɗe, wato daidai yanayin da ke hana hannun hagu wuri. Masana sukan duba wasu abubuwa dabam: ko manuniya na isa fuskar kunama ba tare da an murɗa hannu ba, ko akwai 'yar rata tsakaninta da jikin bindiga don kada ta ture shi, ko tudun tafin hagu na taɓa mariƙi, sannan in an harba, ko hannuwan biyu sun tafi tare sun dawo tare. Mariƙin da ya ci wannan gwaji wani lokaci a kanti ba ya da daɗi ko kaɗan.

Wani gyaran ma da aka yi da kyakkyawar niyya sai ya zama cikas. A ƙarshen shekarun 1990 Glock ta yi wa gaban mariƙinta ramuka, kowane yatsa da gurbinsa, don riƙo ya ƙara ƙarfi. Wanda yatsunsa suka yi daidai da na mutumin da aka auna ya ji daɗi. Saura kuwa, mai siraran yatsu da mai kaurara, sai yatsa ya sauka a kan tudu maimakon kwari, ko ramin ya tilasta wa hannu ya sauko ƙasa da inda ya kamata ya kama. Har sana'a ta samu, ta masu goge ramukan da injin a biya su. Da FBI ta fitar da sharuɗɗan sabuwar bindigar da take nema a 2015, ta rubuta cewa ba ta son ramukan yatsu. Glock ta cire su, ta ci kwangilar a 2016, kuma samfurin da ta fitar wa kasuwa a 2017 gaban mariƙinsa ba gurbi ko ɗaya, bayan kusan shekara ashirin ana gaya wa yatsun mutane inda za su zauna.